Baki Na Faɗa, Hannu Na Nunawa: Ishara a Zancen Mutanen Diffa

Motsa hannu yayin magana ɗabi'a ce ta ɗan Adam baki ɗaya. Duk al'ummar da masana harshe suka zauna da ita suka nazarci zancenta, sun tarar mutanenta suna haɗa furuci da motsin hannu, wasu da yawa, wasu kaɗan. Hausa tana da sunaye da dama na wannan abu. Akwai nuni, wanda daga gare shi yatsar manuniya ta samo sunanta. Akwai ishara, wadda aka aro daga Larabci. Akwai kuma kwatance, inda hannu ke zana siffar abin da baki ke ambato. Mafi yawan wannan motsi mai magana bai san yana yin sa ba. Da za a tare shi bayan ya gama zance a tambaye shi abin da hannunsa ya yi, da wuya ya iya faɗa.

Diffa gari ne da wannan ɗabi'a ta fito fili. Yana bakin kogin Komadugu Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Boso, kuma tsakaninsa da Yamai ya haura kilomita 1,300. Mutanen jihar Diffa ba harshe ɗaya suke yi ba. Akwai Barebari, musamman Mangawa da ƴan Mobar na kwarin kogi, akwai Fulani makiyaya, akwai Tubawa da Larabawa ta wajen Ngigmi da Ngurti, akwai Buduma na tsibiran tafki, ga Hausawa ƴan kasuwa da ma'aikata, ga kuma Faransancin ofis da makaranta. A kasuwa Barbarci da Hausa ne ke haɗa jama'a, amma da yawa daga masu ciniki suna yin sa ne da harshen da ba shi suka sha a nono ba. Inda kalma ta ƙare wa mutum, hannu yake ci gaba.

David McNeill na Jami'ar Shikago a Amurka, a littafinsa Hand and Mind na 1992, ya kasa motsin da ke tafiya tare da magana gida huɗu, kuma har yau da wannan rabo aka fi aiki. Na farko shi ne nuni, kuma shi ne yaro ke fara iyawa: kafin ya cika shekara, tun bakinsa bai buɗe ba, yana miƙa yatsa ga abin da yake so. Kalmomi irin su nan, can, wannan da wancan kusan fanko ne idan babu hannu ko ido da zai cika su. Hausa ma tana ja musu wasali gwargwadon nisa, hannu kuma yana bin ta sau da ƙafa. Mai cewa "can" yakan miƙa hannu daidai ƙirji, mai cewa "caaan" kuwa sai ya ɗaga shi sama da kafaɗa, wani lokaci har ya kyasta yatsu a ƙarshe. Mutanen ƙauye da makiyaya sun fi ƴan birni kiyaye alƙiblar nuni. Mutumin Geskeru ko Shetimari da ke ba da labarin tafiyarsa Damasak, ko a cikin ɗaki yake, hannunsa zai nufi inda Damasak take da gaske, domin gabas da yamma suna cikin kansa kamar dama da hagu. Haka ma lokaci. Makiyayin da ba ya ɗaura agogo yakan ce "in rana ta kawo nan," ya miƙe hannu ga wurin da za ta kai a sararin sama, kuma abokin alƙawarinsa ba zai yi kuskuren hantsi da azahar ba.

Na biyu shi ne kwatance, kuma a nan ne bambancin ƙasa da ƙasa ya fi ban sha'awa. Bature idan zai faɗi girman kifi yakan ware tafukansa biyu ya bar iska a tsakani. Masuncin Tafkin Chadi kuwa sau da yawa jikinsa yake mayarwa ma'auni: ya miƙe hannun dama, ya sa ɗayan ya dafe wuyan hannu idan ƙarfasa ce matsakaiciya, ya dafe gwiwar hannu ko kafaɗa idan tarwaɗa ce ƙosasshiya, ya kama damtse don nuna kauri. Victoria Nyst ta Jami'ar Leiden a Holan ta gwada masu harshen Anyi na Kwaddibuwa da mutanen ƙasarta, ta wallafa a 2016 cewa na farkon sun fi auna girman abu a jikin yatsa da hannu, na biyun kuma a sarari. Manomin tattasai a kwarin Komadugu haka yake ba da labarin ambaliyar 2019 ko ta 2022: tafin hannunsa ya sauka a gwiwa, ya hau ƙugu, ya tsaya a ƙirji, baki yana cewa "iya nan" kawai. Mai shanun Kuri kuwa ba zai gama kwatanta kumburarrun ƙahonin sansa ba sai ya kai hannuwa biyu gefen kansa. Tsofaffin ma'aunan Hausa ma daga nan suka fito. Kamu tsawon gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, gaba kuwa faɗin hannuwa biyu ne a buɗe, kuma har yanzu da gaba maginin rijiya ke faɗin zurfin aikinsa.

Na uku shi ne kwatanta abin da ba shi da jiki. Mai cewa "shekarun baya" yakan jefa babban yatsa ta bayan kafaɗa, mai cewa "nan gaba" ya tura hannu gabansa, saboda harshen ya ajiye abin da ya wuce a baya. Ba kowa ke haka ba: binciken Rafael Núñez da Eve Sweetser na 2006 ya nuna dattawan Aymara na tsaunukan Kudancin Amurka gabansu suke nunawa idan suna zancen da, tunda abin da ya wuce shi ido ya gani. Na huɗu ba ya kwatanta komai, sara ne kawai da hannu ke yi daidai kalmar da ake son a ji, irin wanda mai wa'azi da ɗan siyasa ba sa rabuwa da shi.

Wanda ke son ganin duka huɗun a zama ɗaya sai ya tsaya a kasuwar tattasai. Manomi ya jibge buhunansa, dillali ya cusa hannu can ƙasan buhu ya damƙo, ya murza a tafi don jin bushewa, ya taya. "Baba, a sallama mana." Tsohon ya ce, "Albarka." Kalmar ɗaya ce ko tayin ya kusa ko bai kusa ba, kuma kalma ce ta ladabi wadda ba ta ɓata wa kowa rai. Hannu ne ke faɗin sauran. Idan tsohon ya kawar da fuska ya yarfe hannu kamar mai korar ƙuda, tayin yana nesa, dillali ya san sai ya yi tsalle babba. Idan kuwa ya ce albarka yana ɗan ɗaga tafinsa sama sau biyu, ƙiris ya rage. Yatsu kaɗai kuma ba sa yanke farashi a wannan gari, domin kuɗi biyu ke yawo a hannun mutane, Naira da Sefa, ga shi lissafin Sefa da dala ake yin sa, dala ɗaya tamma biyar, jika ɗaya tamma dubu. Yatsa biyu a sama na iya zama jika biyu, na iya zama Naira dubu biyu ko dubu ashirin. Sai baki ya faɗi kuɗin da ake nufi, sannan hannu ya tabbatar da adadi cikin hayaniya.

An daɗe ana ɗauka cewa mutum yana motsa hannu ne don mai kallonsa, kuma da kallon manya yaro ke koya. Rabin gaskiya ke nan. A 1998 Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Sun ɗauki yara da matasa 12 da aka haifa makafi da wasu 12 masu gani, suka sa su bayyana abin da ke faruwa idan an juye ruwa daga wani mazubi zuwa wani. Makafin duka sun motsa hannu, suna karkata shi kamar mai zuba ruwa, alhali ba su taɓa ganin wani ya yi ba. Da aka haɗa makaho da mai sauraro, aka kuma gaya wa makahon cewa mai sauraron ma makaho ne, hannun bai daina ba. A 2016 Şeyda Özçalışkan da abokan aikinta suka ƙara gano cewa makahon da ke jin Turkanci yana tsara motsinsa irin na masu Turkanci, mai Ingilishi kuma irin na masu Ingilishi, wato ginin harshen ne ke jan hannun. Ba sai an je Amurka ba ma. Duk mai waya a kunne a tashar motar Diffa, yana kwatanta wa wani a Damagaram inda zai karɓi saƙo, hannunsa yana karya kwana yana nuna shago, kuma ya san sarai ba a ganinsa.

Dalili shi ne hannu yana taya mai magana tunani. Gwajin da Robert Krauss da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Kolombiya a 1996 ya nuna idan aka hana mutum motsa hannu, maganarsa kan wuri da siffa takan riƙa sarƙewa. Goldin-Meadow kuma ta nuna a 2001 cewa wanda aka bari ya motsa hannu yayin bayanin lissafi ya fi tuna wasu kalmomi ko haruffa da aka ba shi ya riƙe a ka, kamar dai hannun ya rage wa ƙwaƙwalwa kaya. Tun 1986 ita da Breckinridge Church suka lura da yaran da bakinsu ke ba da amsa ɗaya hannunsu na nuna wata: su ne suka fi saurin gane darasin idan an koya musu, domin fahimtar ta riga ta iso hannu, baki ne bai kamo ta ba tukuna. Wannan ya shafi ajin firamare a kwarin Komadugu kai tsaye, inda yaron da ke Barbarci ko Fulatanci a gida ake tambayarsa da Faransanci. Naɗe hannu a ƙirji da ake koya wa ɗalibai yana da amfani wajen kawo shiru, amma malamin da ya tilasta shi a lokacin ba da amsa ya rufe wa kansa ƙofar da zai leƙa ya ga abin da yaron ya gane.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tarurrukan horarwa, wai kashi 93 cikin ɗari na saƙo ba a kalma yake ba. Asalinta ƙananan gwaje-gwaje ne da Albert Mehrabian ya yi a 1967 kan yadda ake gane so ko ƙi daga kalma guda ɗaya tak, kuma shi kansa ya ce ba haka yake nufi ba. Da gaskiya ce, da Bahaushen da ya sauka Ngurti yau ya fahimci hirar Tubawa kafin magariba.

Buƙatar motsin halitta ce, amma siffarsa koyo ce. David Efron ya tabbatar da haka a 1941 a birnin New York, lokacin da ƴan Nazi ke cewa motsin hannu gadon jini ne. Ya tarar Yahudawan Gabashin Turai da mutanen kudancin Italiya da suka yi ƙaura kowanne da salonsa, amma ƴaƴansu da suka saje da Amurkawa sun bar salon iyaye sun koma kama da juna. Kowace al'umma kuma tana da isharorin da suka zauna daram kamar kalmomi, waɗanda ake ganewa ko ba a ce uffan ba. Na birnin Napoli sun yi yawan da Andrea de Jorio ya rubuta musu littafi guda tun 1832.

Na Hausa ma za su cika littafi, kuma yawancinsu maƙwabta sun san su. Ana yafito mutum da tafi a kife, yatsu suna karkatowa ƙasa. Kiran babba da yatsa ɗaya a ɗage raini ne. Tagumi damuwa ce, shi ya sa uwa ke cire hannun ɗanta daga kunci idan ta gan shi a haka. Riƙe baki ko haɓa mamaki ne, tafa hannu tare da salati mamakin ne da ya haɗu da tsoro, ɗora hannuwa biyu a ka kuwa sai mutuwa ko babbar asara. Yaro yana maƙe kafaɗa ya ƙi aike ba tare da ya buɗe baki ba. Bayan musafaha ana dafa ƙirji. Dunƙulallen hannu a ɗage ana girgiza shi jinjina ce ga sarki ko babba, kuma Barebari sukan haɗa irinta da gaisuwarsu ta "wushe, wushe." Wasu daga cikin waɗannan sun bar hannu sun koma cikin harshe: ana cewa mutum ya ciji yatsa ko da haƙorinsa bai taɓa ta ba, ana karɓar baƙo hannu bibbiyu, ana aika jinjina ta rediyo inda babu mai ganin hannun kowa.

Biyu ne suka fi jawo wa baƙo matsala. Ɗaya ita ce daƙuwa, ware yatsu biyar a tura tafi ga fuskar mutum, wadda zagin uwa ce ko an furta ko ba a furta ba. Girkawa ma suna da irinta, suna kiranta mutza. Baƙon da ya ɗaga tafi don ya ce biyar, ko don ya ce a dakata, yana iya yin ta bai sani ba, shi ya sa ɗan gari yakan juya tafin ya kalli kansa ko ya tattara kan yatsun wuri ɗaya. Ɗayar ita ce hagu. Ba a ba da abu da ita, ba a karɓa, ba a nuna mutum, kuma wanda damansa ke riƙe da kaya yakan nemi afuwa ko ya tallafi hagun da daman kafin ya miƙa. Sotaro Kita da James Essegbey sun ɗauki hoton masu kwatancen hanya a kudancin Gana, suka wallafa a 2001 cewa mutane kan kai hagu bayan jiki, su murɗa dama ta ƙetare ƙirji don nuna ɓangaren hagu, idan kuma hagun ta motsa sai ta yi ɗan ƙaramin motsi can ƙasa inda ba a lura. Duk wanda ya tambayi hanya a Diffa ko Maine Sorowa zai ga makamancin haka.

Yawan motsi ma yana da ƙa'ida, kuma matsayi ne ke yanke ta. Saurayin da ke sara iska a majalisar shayi, idan ya durƙusa gaban surukinsa ko a fadar mai gari, hannuwansa suna kan gwiwa ko a haɗe, idonsa a ƙasa. Nuna babba da yatsa neman faɗa ne. A nan ne baki da haɓa ke karɓar aikin: a turo leɓe wajen abin da ake nufi, wanda idan mutum ake nunawa a ɓoye ya zama zunɗe. Bafulatanin da ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta, da haɓa zai nuna inda rijiya take, kuma kunyar da Fulani ke kira semteende tana ƙara rage masa motsi gaban manya. Saboda haka kuskure ne a ce wata ƙabila ta fi wata motsa hannu ba tare da an duba gaban wa ake maganar ba.

Addini bai hana ishara ba, ya ma ba ta gurbi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Zakariyya da ya yi kwana uku yana yi wa mutanensa magana da ishara kawai, da Nana Maryam da ta nuna jaririnta lokacin da aka tuhume ta. Hadisai sun kawo yadda Annabi (SAW) ya haɗa manuniya da yatsar tsakiya don kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya, da yadda ya buɗe yatsu goma sau uku ya lanƙwashe babban yatsa a na ukun don nuna wata mai kwana 29. Malikawa suna motsa manuniya a zaman tahiya. A babin ciniki kuma, Mukhtasar na Shaihu Khalil da ake karantawa a zaurukan Barno da ƙasar Hausa ya tafi a kan cewa ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yarda, ba lallai sai lafazi ba.

Shekarun rikici sun ɗora wa hannu nauyin da ya fi ƙarfinsa. Bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Diffa a watan Fabrairun 2015, da kwashe mutanen tsibiran tafki a watan Mayun shekarar, dubban iyalai sun zauna a gefen kwalta da sansanin Sayam Foraj, suna hulɗa da ma'aikatan lafiya da na agaji waɗanda da yawansu ba sa jin Barbarci balle Buduma. Mace tana iya dafa cikin ɗanta ta nuna inda ke ciwo, amma hannu ba zai faɗi yaushe ya fara ba, ko me aka riga aka ba shi. Yatsu uku da ma'aikaci ya ɗaga a kan ƙullin magani na iya zama ƙwaya uku, ko sau uku a yini, ko kwana uku, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Nuna gabas da tsakiyar sama da yamma don safe da rana da maraice yana taimakawa, haka ma jan layuka a jikin takardar maganin, amma babu wanda ya maye gurbin tafinta.

Wuri ɗaya ne hannu ke ɗaukar magana dungurungum, wato wajen kurame. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma yana daga cikin cututtukan da ke barin yara da kurumta. Abin da kurame ke yi da hannu harshe ne cikakke mai ƙamus da nahawu. Constanze Schmaling, wata Bajamusa da ta zauna da kuramen Kano, ta bayyana tsarinsa a littafinta Maganar Hannu na shekarar 2000, ta kuma lura cewa masu ji da yawa a ƙasar Hausa ba sa jin nauyin yin hira da kurma da hannu. A makarantun kurame kuwa alamomin Amurka sun yi tasiri, ta hanyar Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka wanda ya fara buɗe makarantu a Gana a 1957 har suka haura talatin a Afirka. Wasu alamomin maganar hannu daga isharar masu ji aka ɗauko su, shi ya sa mai shago a Diffa ke iya sayar wa kurma sukari da shayi ba gardama. Amma mai jin da ya ɗauka wannan ya sa ya iya maganar hannu, ranar da ya zauna tsakanin kurame biyu suna hirarsu ba zai tsinci ko rabin zancen ba.